Sharhin Littafin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ya ajiye aikin gwamnati a Gwaram sai ya zauna ya rubuta labari. Da ƙaddamarwa ta matso ya aiko mini da littafin zuwa Birnin Kudu, inda nake koyar da adabi, ya ce ni ce mai sharhi. Kowa ya san aikin mai sharhi a irin wannan taro: ya wasa marubuci, ya ce littafi cike yake da darasi, a tafa, a raba lemo. Ni ma niyyata ke nan.

Hausarsa da gishiri, ba laifi. Amma a labarin duk mai haƙuri sai ya yi arziki kafin shafin ƙarshe, mugu kuwa mota ta take shi. Sai na tuna malaminmu na falsafa a jami'a, wanda muke gudun ajinsa. Ya sha gaya mana cewa kowane labari yana da abin da ya yarda da shi game da duniya, ko marubucin ya sani ko bai sani ba, kuma mai sharhin da bai tono shi ba maroƙi ne kawai. Na tono na kawu. Littafin cewa yake wanda ya mutu cikin wahala shi ya jawo wa kansa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Inna, mahaifiyata, ta yi noman gero a Sundimina har ƙarfinta ya ƙare, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma ta rasu a ɗaki mai yoyo. Maigidana ya ce in bar kaza cikin gashinta. Na ce ba zan tsaya gaban jama'a in yabi abin da ya ɗora wa uwata laifi ba.

Na hau mota na tafi Gwaram tun kafin ranar taron, don kada ya fara ji a lasifika. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, in haka duniya take, laifin me Inna ta yi?"

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Ai ita ce mai haƙurin nan ta cikin littafin. Awakinta ta sayar ta sa ni makaranta. Abin da na kasa ba ta tana raye ne na ba ta a takarda."

Na yi kuka a zaurensa, amma ban janye ba, shi ma bai roƙe ni ba. Ranar taron na faɗa wa jama'a cewa littafin bai faɗi gaskiya game da duniya ba, na kuma gaya musu saboda wa aka yi ƙaryar. Ba wanda ya tafa. Kawu ne kaɗai ya ɗaga hannu ya yi wa yayarsa addu'a.