Kulobar da Reino Ya Shuka a Kan Ƙanƙara

Duk wanda ya san Reino Hautamaki ya san abu biyu Allah ya hana shi, gashin kai da jin magana. Gashin ya gudu tun yana aiki a ramin haƙar ƙarfe, jin maganar kuwa ko a zanen goyo ba a gan shi da shi ba. A nan arewacin Michigan, a ƙasar Amurka, aka haife shi, a gidan katakon da ubansa ya kafa a bakin daji. A nan ya auri Aili, a nan ya tsufa. In ka tambaye shi wuri mafi nisa da ya taɓa zuwa, sai ya nuna maka ƙasa da yatsa, ya ce can cikin rami.

Bayan gidan akwai wani ɗan fili, wanda in ka yi jifa daga tagar kicin dutsen zai faɗi a ƙarshensa. Uban Reino ne ya shuke shi da farar kuloba, ciyawar nan mai ganye uku-uku da barewa ke mutuwar so. Farar kuloba ba ta da kwalliya. Gajera ce, rarrafe take yi a ƙasa, amma ƙanƙara ta kwanta mata rabin shekara, ranar da ta narke za ka ga ta ɗago kai kamar ba a yi komai ba. Abin da take nema a wurin mutum kaɗan ne. In hunturu ya zo ƙarshe, ƙanƙara ta fara saki, sai a bi a watsa ɗan iri a kanta. Ƙasa ta daskare da dare, ta narke da rana, tana buɗe baki tana rufewa har ta haɗiye irin da kanta. Haka uban ya yi, haka ɗan ya tashi yana yi, ba garma ba taki.

Filin nan mutum biyu yake yi wa aiki. Reino yana son bareyi su saba da wurin saboda farautar Nuwamba. Aili kuwa watan Yuni take jira, lokacin da uwayen bareyi ke fitowa da yamma da 'ya'yansu masu ɗigo-ɗigo a baya, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Takan ja kujera bakin taga da kofinta, ta yi ta ba su labari ta cikin gilashi. Tun suna amarci ta kafa masa doka: duk barewar da ke cikin filin baƙuwarta ce, in yana son harbi ya tafi can bayan itatuwa. Dokar nan ita kaɗai ce na san Reino ya bi a duniya.

Wanda ya ɓata lamarin shi ne Leroy, ƙanen Aili, mutumin da bakinsa ya fi bindigarsa saiti. A sansanin farauta, duk abin da aka harbo akan rataye shi a jikin wani dogon gungume, maza su taru suna duba ƙaho. Kowace shekara na Leroy mai rassa ne kamar busasshiyar bishiya, na Reino kuwa 'yan tsinke biyu.

"Manomi," in ji Leroy, don haka yake kiransa, "wannan barewa ce, ko akuyar mutane ka harbe? Faɗa mana gaskiya mu haɗa maka kuɗin biya."

"Ƙaho kake ci ko nama?"

"Nama nake ci. Amma ko hular Yaya ba za ta ratayu a wannan ba."

Reino ya yi dariya tare da kowa, ya dawo gida abin yana cin sa. Ana haka ya je wata kasuwar kayan farauta, ya haɗu da wani mai zaƙin baki daga kudu, wanda ya sayar masa da buhun iri mai hoton wani namijin barewa da ƙaho ya yi masa yawa har ka tausaya wa wuyansa. Ita ma kuloba ce, amma ta shekara guda. Cikin 'yan makonni takan tashi har gwiwa, ganye jibgi-jibgi, ta yi shekararta ta mutu, baɗi a sake sayen iri.

Da Oktoba ta yi, Aili ta ji ƙarar tsohuwar taraktarsa a bayan gida. Ta fito da gari a hannu, burodi take kwaɓawa.

"Reino, me ciyawar nan ta yi maka?"

"Ta tsufa."

"Kai ma ka tsufa, ban kira a nome ka ba. Bar mini ko ɗan gefen nan na bakin taga."

"In na bari za ta mamaye sabuwar. Shekara guda ce fa, Aili. In bai yi ba baɗi in mayar miki da abarki."

Ta dube shi, ta dubi filin, ta koma ciki. Kafin rana ta faɗi ya kife kulobar ubansa kaf, ƙasa ta kwanta baƙa ƙirin tana jiran ƙanƙara.

A cikin Janairu Aili ta fara ramewa. Aka kai ta babban asibiti a birni, likitoci suka yi dube-dubensu, suka kira Reino gefe suka yi masa magana a hankali. Ita ba ta jira an ɓoye mata ba. Ta ce a mayar da ita gida, a fito da gadonta daga ɗaka a sa mata a bakin tagar kicin. Da matar fasto ta zo gaishe ta tana tambayar abin da take bukata, sai ta ce, "Ni dai in ga 'ya'yan bana, shi ke nan."

Reino yana tsaye yana wanke kofuna. Ya daɗe yana cuɗa kofi ɗaya.

Daga ranar ya manta da zancen ƙaho. Abin da ke gabansa kawai filin ya yi kore kafin Yuni. Saboda haka da Afrilu ta kama, ƙanƙara ta fara yin laushi, ya ɗauko buhun nan ya rataya jakar iri a wuya. Leroy ya zo kawo wa yayarsa miyar kifi, ya tarar da shi yana watsi.

"Manomi, dakata. Wannan ba irin ta babanka ba ce. An ce asalinta daga Masar take, ƙasar da ba su san rigar sanyi ba. Sai raɓa ta daina daskarewa ake shuka ta."

"Kuloba kuloba ce."

"To karanta bayan buhun mana."

"Tun ba a haife ka ba nake shuka a kan ƙanƙara."

Gaskiyar magana, ba taurin kai kaɗai ba ne a wannan karon. Sauri yake yi. Yana ganin in ya jira ƙarshen Mayu, Aili ba za ta jira ba. Da ya sayo irin farar ma ya watsa, da ta jure, sai dai ita a shekarar farko a hankali take kama ƙasa, shi kuwa yana son abin da zai tashi yanzu-yanzu.

Da farko kamar ya ci nasara. Aka yi wata 'yar rana mai daɗi, ƙanƙara ta tafi, filin ya yi wani tsanwa-tsanwa kamar gemun saurayi. Reino ya riƙa ɗaga Aili da matashin kai yana nuna mata. Har ya buga wa Leroy waya ya ce ya zo ya ga Masar. Sai cikin Mayu sama ta washe, iska ta kwanta, sanyi ya sauko irin wanda duk ɗan garin nan ya san yana nan tafe. Da safe ya fita ya tarar da tsiron ya kwanta, baƙi, a langaɓe kamar dafaffen ganye. Ya tsuguna ya daɗe yana taɓa ƙasa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ya sake shuka da ragowar irin a farkon Yuni, yadda bayan buhu ya ce. Amma iri ba ya jin lallashi, kuma barewa ba ta cin taɓo. Uwayen suka haihu a daji, suka kwashe 'ya'yansu suka nufi gonar Leroy, can ƙetaren rafi. Ciwon Aili ya yi nauyin da ba za a iya sa ta a mota a kai ta can ba.

Abin da Reino ya yi daga nan, da a wata shekara ce da har yau muna tsokanarsa. Ya ɗauki lauje ya tafi wurin Leroy, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Ciyawa na zo roƙo."

Leroy ya buɗe baki, kowa ya san tsokanar da ke kan harshensa, sai ya haɗiye. Ya ɗauko nasa laujen. Tsofaffi biyu suka yi ta yankan kuloba suna lodawa a bayan mota, suka zo suka shimfiɗa ta a kan taɓo daura da taga, kamar masu shanyar kaya. Kullum da la'asar haka suke yi.

Wata yamma uwa ɗaya ta fito daga cikin itatuwa. Ta tako a hankali, ta sunkuya ta shinshina. Warin hannun mutum da na man mota ya buge ta. Ta ɗaga farar wutsiyarta ta koma inda ta fito. In da ɗa a bayanta, bai fito daga duhuwa ba.

Reino ya juyo daga taga ya kasa duban matarsa.

"Kin gan ta?"

"Na ga wutsiya," in ji Aili. Murya ta yi ƙasa, amma tsiwar tana nan. "Ta fi ka hankali, tsoho. Ita ta san abin da ba nata ba."

"Da na bar miki gefen nan."

"Da ka bari." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Zauna mana, ka tare mini haske."

Ba ta ga ƙarshen Yuni ba. Aka binne ta a maƙabartar cocinsu, kusa da iyayenta, aka sha kofi da burodi a zauren coci, kowa ya watse.

Mai zaƙin bakin nan kuwa ashe bai yi ƙarya ba. Da Agusta ta yi kulobar ta tashi har gwiwa, kore shar, irin wadda ba a taɓa gani ba a yankin nan. Bareyi suka yi ta ɓullowa ta ko'ina, uwaye da 'ya'yan da ɗigonsu ya fara gogewa, har da wani ƙaton namiji mai ƙahon da ya fi na jikin buhu. Leroy ya biyo wata yamma ya tarar da Reino a tsakiyar filin, ba hula, yana ɗaga hannu yana korarsu.

"Ku tafi. Yanzu kuka ga damar zuwa? Ku tafi, ba kowa a tagar."

Bareyin suka ɗan matsa gefe, suka tsaya suna kallonsa suna tauna. Da ya gaji ya zauna a ƙasa, suka sunkuya suka ci gaba da kiwonsu.