Rabon Gadon Raƙuman Roba

A duk ranakun da na yi a bayan kantar nan, wadda ta ƙi fita daga kaina ita ce ranar da aka raba gadon kwali ɗaya a gabana da sikelin mai kifi. Ku sababbi da kuke kumbura baki don an aike ku Koki da rana, ku ajiye waya ku ji, don ba na maimaita magana.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishin karɓa da kai saƙo ne a Mandawari. Kaya ya zo daga Legas ko daga waje, mu auna, mu kira mai shi, ya zo da katin shaida ya sa hannu ya ɗauka. A sama akwai manaja, Malam Tijjani, sai ni Jamila mai kanta, sai masu babur. Dokokinmu biyu ne da ba a taɓa su. Kaya ba ya fita sai da sa hannun mai shi ko wakilinsa. Kayan da ya gama wa'adinsa ba a karɓa ba kuma, inda ya fito yake komawa.

A cikin masu zuwa mana akwai wani dattijo, Malam Isyaku, tsohon ma'aikacin safiyo mazaunin Koki. Wasu dattawan, tattabaru suke kiwo, shi kwalayen wasa yake tarawa. Ba ludo ba, ba dara ba. Irin waɗanda ake shimfiɗa allo a ƙasa, ga kati, ga 'yan gidaje, ga littafin dokoki mai kaurin na makaranta. Ɗaki guda ya cika da su. Da idonsa ya yi rauni, autarsa Hauwa ce ke karanta masa dokokin, ita ce kuma abokiyar wasansa.

Wata rana ya jingina da kanta ya ce mini akwai babba yana nan tafe, wasan fatake, mai raƙuma da rijiyoyi. Wai wasu ne a ƙasar waje suka yi shela a intanet, mutane suka yi musu karo-karo, shi ma ya saka nasa.

Na ce, "Malam, ka ga wasan?"

"Na ga hotonsa."

"An yi shi?"

"Ba a yi ba tukuna. Sai kuɗin ya haɗu za a fara."

"Wato ka sayi abin da babu."

Ya yi dariya ya ce, "Ke ba kya adashi?"

Na ce, "Ina yi, amma na san ƙofar gidan uwar adashi."

Daga nan duk Alhamis sai ya leƙo ya tambaya ko ya zo. Yau masana'anta ta rufe, gobe fentin raƙuma bai yi ba an sake, jibi jirgin ruwa ya maƙale. Shi ke ba ni uzurinsu kamar 'ya'yansa ne. Aka kusa shekara uku a haka, sai Allah Ya yi masa rasuwa. Aka yi zaman makoki, aka raba gado, har matarsa Hajiya Asabe ta fita takaba. Kwalayen ɗakin nan ma an raba, kowa ya kwashi nasa.

Sai ga kwali ya sauka, girmansa kamar ƙaramin firji, da sunan marigayi a jiki.

Na kira lambar. Hauwa ce ta ɗauka. Ta ce gobe za ta zo. Ta zo kuwa, amma da yayyenta biyu a bayanta: Nasiru, babban, mai shagon tayil, da Habibu, wanda duk wanda ya yi magana ƙarshe shi yake bi.

Hauwa ta miƙa hannu za ta karɓi biro, Nasiru ya dafe takardar.

"A matsayin wa?"

"Yaya, wasa ne. Baba ya ce ni da shi za mu buɗe."

"Ya ce, amma bai rubuta ba. Mutum ba ya jiran roba shekara uku. Akwai abin da ke ciki."

Habibu ya ce gaskiya ne. Hauwa ta ce ba komai sai raƙuma. Habibu ya ce wannan ma gaskiya ne.

Layi ya taru a bayansu, wata mata tana jiran takalmin biki tana ta tsaki. Malam Tijjani ya fito ya saurara, ya ja ni gefe.

"Ki ɗauki kwalin nan ki kai gidan. Malamin da ya raba musu gado ya faɗi mai sa hannu, ki dawo mini da takarda."

"Oga, ni kotu ce?"

"Ke ce mai kanta."

Adaidaita sahu bai shiga lungunsu ba, a ka aka ƙarasa da kwalin. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam Bukar, limamin unguwar wanda ya raba gadon tun farko, ya zauna ya naɗe ƙafa. Hajiya Asabe tana bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ni aka ba ni kujera 'yar tsuguno, wai shaidar kamfani.

Nasiru ya yanka leda da kansa. Aka fito da allo mai naɗewa, da kati dami-dami, da raƙuman roba launi-launi, da 'yan rijiyoyi, da wasu farare kamar sukari wai gishiri ne, da jakar yadi mai dayis da tsabar ƙarfe ta wasa. Nasiru ya kife kwalin ya girgiza. Ya ciji tsaba ɗaya. Kowa ya ga babu zinare, amma mutumin da ya dafe takarda a gaban jama'a ba ya janye hannu da sauƙi.

Malam Bukar ya ɗauki raƙumi ɗaya ya juya shi.

"Hauwa'u, caca ce?"

"A'a, Malam. Ba a sa kuɗi."

"To me ake ci?"

"Wanda ayarinsa ya fara ƙetare hamada da gishirinsa, shi ya ci."

"In ya ƙetare sai me?"

"Sai a kwashe a mayar cikin kwali."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kamar dai duniya."

Malam ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan zan faɗa ko a ina. Ya ce ɗaya ya saya ya biya sauran. Nasiru ya ce wadda ta san Turancin littafin ita kaɗai ta san kuɗinsa, za ta yi musu wayo. Malam ya ce a sayar a raba. Nasiru ya ce dillalan Kano kuɗin kwali kawai za su ba da. Malam ya ce a bar shi a ɗakin Hajiya na kowa da kowa. Nasiru ya ce abin tarayya shi ke raba zumunci.

Malam ya ce, "Nasiru, abin da rabawa ke kashe amfaninsa ba a tilasta raba shi."

"Roba ce, Malam. Roba ba ta mutuwa."

Ni kuma la'asar ta gabato, kanta ba kowa. Na miƙe na gaya musu doka: in ban samu sa hannu ba, da kwalin zan koma, wa'adi na cika kuma ya kama hanyar inda ya fito, su je can su yi shari'ar. Hauwa ta kalli allon da ke kan cinyarta, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "A raba. Amma kada a yanka allon."

Ba banza ta faɗa ba, don Habibu ya riga ya ɗauko almakashi.

Sai aka rasa yadda za a yi. Raƙumi nawa ne rijiya ɗaya? Kati nawa ne raƙumi? Malam ya juyo ya dube ni.

"'Yata, ku a ofishinku da me kuke gane darajar kaya?"

Na ce, "Da sikeli."

Gaskiya na faɗa. Atamfa ce ko littafi ko maganin basir, nauyi muke caji. Aka aika maƙwabta aka aro sikelin mai kifi, ƙarni na tashi. Aka auna duka, Malam ya fitar wa Hajiya tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu.

Aka ce Hajiya ta fara zaɓa.

Ta ce, "Ni a ba ni abin da ba zai cika mini ɗaki ba. Tun ina amarya nake share ƙurar kwalayen mutumin nan."

Aka ɗora jakar yadin nan mai dayis da tsabar ƙarfe. Ƙarama ce amma da nauyi, aka ƙara mata gishirin roba kaɗan, tumuninta ya cika. Ta ƙulle a bakin zani.

Hauwa ta ce allo da littafi take so, ta yafe komai. Aka ɗora, sai ya fi rabonta nauyi. Nasiru ya ce a rage. Almakashi kuwa na hannun Habibu. Sai Hauwa ta buɗe littafin, ashe harsuna da yawa ne a ciki. Ta kama daga inda Turanci ya ƙare ta yage, a hankali, ta sake ɗorawa. Sikeli ya daidaita. Haka Nasiru ya gaji raƙuma duka da dokokin wasa cikin Faransanci da Jamusanci. Habibu ya tashi da kati da rijiyoyi, ya ce shi dama su yake so.

Malam ya shafa fatiha. Na miƙa takarda mai gurbin mutum ɗaya, mutum huɗu suka sa hannu, Hajiya da dangwale. Hauwa ta rungume allon da babu ko raƙumi ɗaya da zai taka shi ta shige ɗaki, ba ta yi wa kowa sallama ba. Da na koma ofis, Malam Tijjani ya kalli takardar ya shinshina ta, ya ce shi ba ya son jin bayani.

Abin da ban sani ba game da masu karo-karon nan shi ne, ba sa aiko kaya gaba ɗaya. In kuɗin da aka tara ya wuce yadda suka nema, sai su yi alkawarin ƙari, ƙarin kuma daga baya yake biyowa. Bayan wasu watanni sai ga wani kwalin, ƙarami, da sunan marigayi.

Ban kira kowa ba, don ba zan sake tara layi a kanta ba. Ranar Juma'a da yamma na ɗauka na nufi Koki, ina ta shirya abin da zan gaya wa Nasiru in ya ce a aro sikeli.

Na yi sallama na shiga, sai na same su a kan tabarma. Allo a shimfiɗe, raƙuma a kai, Habibu na riƙe da kati kamar mai sayar da katin waya, Hauwa da rabin littafinta. Na tsuguna kusa da ita na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce Nasiru ya kai raƙumansa wurin wani mai saye, mutumin ya ce sai ya ga hoton wasan a haɗe. Ya zo aron allo, ta ce allo ba ya barin hannunta, sai dai ta zo da shi. Hajiya ta ce dayis ba ya fita daga gidanta. Dole aka haɗu a nan aka jera komai don a ɗauki hoto. Ana cikin jerawa Habibu ya tambaya wai ta ina ake farawa.

Na ce, "Hoton fa?"

Ta ce, "Har yau mutumin yana jira."

Hajiya ce ke jefa wa kowa dayis, tunda nata ne, ba mai taɓawa. Na ga lokacin da ta jefa wa Nasiru, abin bai yi masa daɗi ba.

"Hajiya, kullum in nawa ne sai ki saki hannu."

"Ka ƙara ɗaga mini murya in ƙulle jakata, kowa ya kwashi gadonsa ya tafi gida."

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya ba ta haƙuri. Kuma haka suke yi, in an tashi kowa nasa yake kwashewa. Nasiru a tsohon gwangwanin madara yake zuba raƙumansa, sai ya duba ko sun cika.

Sai a lokacin ya ga abin da ke hannuna. Ya karanta sunan, ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Malama Jamila, ta ina kika biyo?"

"Ta bakin masallaci."

"Malam Bukar ya gan ki?"

"Ban gan shi ba."

"To ajiye shi a ɗakin Hajiya. In za ki koma ki bi ta ɗaya lungun."

Na ce, "Wa zai sa hannu?"

Bai ɗago daga kan allon ba ya ce, "Ki ba wa Hauwa. Ita ta san abin da ke ciki."

Hauwa ta sa hannu ita kaɗai a gurbin mutum ɗaya. Habibu ya ce dama shi tun farko haka ya gani.

To ku ji abin da na ɗauka daga ciki. Masu kayan nan ba a rarrashinsu, ba a kuma yi musu wa'azi a kanta, ɓata lokaci ne. In mai kaya ya rasu, ku kai gida, ku faɗi doka, ku nemi wuri ku zauna. In aka tambaye ku da me ake gane darajar kaya, ku ce da sikeli, don shi kaɗai muka sani, shi ake biyan mu mu sani. Sauran, magada za su gano da kansu in sun je gida sun buɗe gwangwani.