Jirgin da Na Shanya

Mu gidanmu manoma ne tun kaka da kakanni, gero da dawa da albasa, ba mu gaji su ba, wato kamun kifi. Abin da ya kai ni ga sassaƙa jirgi yunwa ce. Shekara biyu a jere gulbin Rima yana cika yana cinye muna fadama a ƙauyenmu na kusa da Kagara, har rumbu ya koma in ka leƙa sai ka hango ƙasansa. Ga ni da mata da ɗiya guda, ga ƙannena biyu, ga Baba ya tsufa. Sai na ce tunda ruwa ya hana mu noma, to ruwan nan shi zai ciyar da mu: in kama kifi, in kai Goronyo in musanyo hatsi har damina ta faɗi.

Zamanin Turawa ne, ba a sare babban itace sai da takardar malamin daji. Na yi sawu ya fi a ƙirga kafin a ba ni, ita ma ta itace ɗaya tak. Baba ya ba ni maɗacin da ke bakin gonarsa, ba mu da wani bayansa.

Wanda ya kama mini aikin wani tsoho ne Basarke, masunci kuma masassaƙi, muna ce mishi Kawu. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. In na karkata gizago sai ya buge mini hannu kawai, ya gyara, ya ci gaba. Kusan wata biyu muna abu ɗaya a gindin wata tsamiya a bakin gulbi, shi yana fitar da siffa, ni ina rarake ciki, har tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ranar da munka gama na tsaya ina kallon abin nan, ɗan jirgi na mutum biyu, sumul. Wallahi ko ranar aurena ban ji daɗi haka ba.

Da la'asar aka aiko wa Kawu an yi mishi rasuwa a Rabah. Na taho gida na bar shi yana haɗa kayan aikinsa. Abin da ya ce mini kawai: "Ka bar shi inda ni aje shi, sai na komo."

Da safe na sauka gulbi, babu jirgi a gindin tsamiya. Sai sawun ja a kan yashi, ya nufi ruwa. Na bi sawun, na shiga ruwa har gwiwa, sai ga shi a ƙasa, nutse, an cika shi da manyan duwatsu tun daga kai har gindi. Kaina ya ɗaure. Wane mara tsoron Allah ne zai yi wa mutum haka?

Ni kuwa a lokacin zuciya gare ni, kuma da ma ina jin masunta na dariya wai manomi zai shiga su. Nan take na yanke cewa su ne. Na ruga gida na kwaso ƙannena, munka yi ta fidda duwatsu ɗaya ɗaya, munka ɗaura igiya munka jawo shi tudu. Ya jiƙe sharkaf, ya yi nauyi kamar gawar bijimi. To mi manomi ya sani game da abin da ya jiƙe? Gero in ya sha ruwa shanya shi ake yi, albasa ma haka. Munka kai shi tsakiyar yashi inda babu inuwa ko ta kara, munka kife shi, ga bazara ta kankama.

Muna cikin haka wani masunci ya zo wucewa da koma a kafaɗa. Ya tsaya, ya buɗe baki.

"Ɗan'uwa, wanga jirgi ai ba a..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce mishi in ya ƙara taku ɗaya sai na fasa mishi kai, su da sunka nutsar da shi ba su ji kunya ba, har da zuwa kallo. Na faɗi maganganun da ba zan rubuta su nan ba. Ya dube ni, ya dubi jirgin, ya gyara komarsa ya wuce. Daga ranar babu wanda ya sake tanka mini. Ni kuma na tare a wurin da sanda ina gadi, kullum da hantsi in juya shi don ko'ina ya samu rana. Har yabon kaina nake yi.

Rana ta huɗu da azahar, ina zaune nesa kaɗan, na ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Na waiga ko'ina, babu kowa. Da na matso sai na ga cikin jirgin ya tsage tun daga hanci har kusan gindi, ina hango yashi ta cikin tsagar. Ina tsaye ya sake yin ƙara, tsagar ta ƙara buɗewa a kan idona. Na sa hannu biyu ina matse shi, kamar wanda zai iya mayar da shi. Na zauna a kan yashin nan mai zafi ban ji zafinsa ba.

Kashegari Kawu ya komo. Baba da kansa ya rako shi bakin gulbi, yana dogara sanda. Ni kuwa tun kafin su iso na fara kai ƙara, ina ba su labarin muguntar masunta da yadda na ceto jirgin. Kawu bai dube ni ba. Ya durƙusa, ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu, ya fiddo.

Baba ya ce mishi, "Wa ya zuba duwatsun?"

"Ni na zuba su, da hannuna. Ɗanyen icce ne. Sai ya kwana arba'in cikin ruwa ya saki ruwan jikinsa sannu, kana ya ga rana." Sannan ya juyo gare ni. "Ɗana, duk bakin gulbin ga babu wanda ya gaya maka?"

Na tuna mutumin nan mai koma. Kawu kansa mamaki yake yi, don a wurinsu ko yaron goye ya san haka, bai taɓa zaton akwai baligin da sai an faɗa wa ba.

Baba ya tambaya ko yana ɗinkuwa. Kawu ya ce da a gefe ne da ya ɗinke shi da igiya ya toshe, amma wannan ta bi tsakiyar ciki, ba zai ɗauki ko akuya ba. Na jira Baba ya zage ni, na so ma ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Bai yi ba. Ya yi wa Kawu godiya da gaisuwar rashi, ya juya ya hau tudu a hankali.

Da munka isa gida ya sa aka kira matata, ita ke fidda hatsin tuwo. Ya ce daga yau ta rage rabin abin da take ɗiba. Da magariba ta kawo mishi akushinsa. Ya buɗe, ya kira ɗiyata ya zaunar da ita gabansa, ya ce shi ba ya jin yunwa. Haka ya riƙa cewa kowace magariba har gero ya nuna, ni kuwa ina gefensa a tabarma ɗaya, ina cin nawa.