Telan Kano da Ke Tsakar Gidanmu

Keken ɗinkina cikin kayan ɗakina ya zo. Bayan na bar kolej na yi shekara guda ina koyon rigunan yara da na mata, amma jamfar maza ba wanda ya koya mini. A Matamaye ɗinkin maza na maza ne, kamar yankan rago. Rannan dai na farke wata tsohuwar jamfar maigidana, na shimfiɗa ta a tabarma, sai na ga ashe abin da teloli ke ja wa mutane rai a kansa bai wuce gaba da baya da hannu biyu ba. Wuyan ne kaɗai mai taurin kai. Sau huɗu na warware shi kafin ya kwanta.

Maigidan nawa malamin makaranta ne, abin da muke ce wa mushe a lakwal. Mutumin kirki, ba ya fashin jam'i, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Cutarsa guda ce: fada, wato inuwar da suke zama shan shayi bayan la'asar. Abin da 'yan fada za su ce ya fi ciwon haƙori hana shi sukuni.

Ranar da ya fara sa jamfar da na ɗinka, ya dawo baki har kunne, wai kowa sai da ya shafa wuyan.

Na ce, "Malam, ka ce musu ni na yi?"

Ya ce, "Haba! Su ce mace ke yanka mini riga? Cewa na yi ɗinkin Kano ne."

"Ƙarya fa ke nan, Malam."

"Ai zaren daga Kano ya zo."

Shekara uku telan nan na Kano yana ƙara girma. Ya samu shago a wani lungu, ya samu tsufa, ya samu zafin rai, ba ya karɓar aikin kowa sai na Mushe. A gidan suna na ji mata na labarin wai ina da farin gemu.

Sai maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayen gyaɗa, ya tashi sunan jikansa. A gaban 'yan fada ya miƙa wa maigidana shadda da tsohuwar jamfarsa ta awo, ya ce a kai wa dattijon nan. Malam ya shigo da leda a hannu kamar wanda aka ba gawa ajiya.

"Maman yara, ki rufa mini asiri. In suka ji, na bar fada ke nan. Har yaran ajina sai sun yi mini waƙa."

Na ce ya faɗi gaskiya ya huta. Da na dubi idonsa sai tausayi ya kama ni. Na ce zan ɗinka, amma bakina ba zai taya shi ko da kalma ɗaya ba.

To, wanda zai kai ɗinki Kano dole a ga tafiyarsa. Ranar Asabar ya bi ta gaban fada da jaka, aka yi masa addu'ar sauka lafiya, ya zagaya ya hau moto, wato babur, zuwa Kurni wurin ƙanensa. Can ya kwana, ya taya su ɓarar gyaɗa, ya dawo Lahadi yana kukan cinkoson Kano.

Ni kuma ina fama. Alhaji ƙato ne, shaddar kuwa ya auno ta kamar magani. Jiki da hannu suka cinye ta, babu abin yin aljihun gefe. Na sa hannu a kwandon ƙyallaye na zaro ragowar atamfar ankon wani biki da muka je Dawce, ja mai zanen kifi. Cikin aljihu ne, namiji kuwa da hannu ya san aljihunsa, ba da ido ba. Hajiyar Alhaji ta yi ankon nan, mota ɗaya ma muka shiga. Ko na manta ko ban manta ba, Allah ne masani. Na dai yi istigfari a kan duka biyun.

Ranar suna Alhaji ya yi ta juyi a cikin jama'a yana cewa hannun Kano daban ne, telolin nan garin sai ɓarnar yadi.

Bayan kwana biyar Hajiya ta yi sallama, jamfar a kafaɗarta, ta fito daga wanki, aljihun a waje. Malam na tsakar gida yana duba takardun yara. Ta gaishe shi a mutunce, sannan ta ɗaga kifayen.

"Mushe, ashe telan naka ya je bikin Dawce? Ban gan shi a mota ba."

Jan biron ya faɗi daga hannunsa. "Hajiya, don girman Allah..."

"Kwantar da hankalinka. In na faɗa, nawa mijin zai fi shan kunya, shi da ya ce ko ido rufe yana gane ɗinkin Kano." Ta juyo gare ni. "Matar Mushe, ki gaida dattijon. Ki ce masa 'ya'yana maza uku ne, ga salla na tafe."

Asirin ya rufu, irin rufin da mata ke yi: duk matan unguwa sun sani, ba namijin da ya sani. Shaddodi suka yi ta zuwa ta hannun Malam, kowace kuma sai ya kai ta Kano. Ƙanensa na Kurni ya ce bai taɓa samun mai ɓarar gyaɗa irinsa ba.

Watan jiya ya dawo yatsu duk sun yi kanta, ya zauna kusa da keken, ya daɗe yana kallon ƙafata tana takawa.

"Maman yara, ko mu ce telan nan ya rasu?"

Na tsayar da keken. Na ce, "Malam, gemun na haƙura na ɗauka. Amma ba za a karɓi ta'aziyyata ina zaune ba. Miƙo mini almakashi, Asabar kana da tafiya."