Wada Mai Sauraren Bindiga

Rumfar shayina da maƙerar Wada bango ɗaya ya raba su a unguwar Rusaifa ta Makka, bangon ma na langa-langa, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Mutumin Damagaram ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya taso yana ƙera wa mafarauta bindigar toka. Ya biyo ta Chadi da Sudan, yana aiki yana gaba, har Allah ya kawo shi Makka da matarsa Safara'u. Da ya zo sai ya tarar babu maharbi ko ɗaya, don ba a farauta a cikin Harami. Dole ya koma gyaran risho da kwaɗon ƙofa da butar shayi, yana yi yana tsaki.

Shekarun da ake yaƙin Yaman ne tauraronsa ya haska. Ƙananan bindigogi masu arha suka yawaita, waɗanda mutanen nan ke kira musaddas. Wata a ce daga Sifen take, wata a ce Beljiyam, wata kuwa ko wanda ya ƙera ta ya ji kunyar sa sunansa a jiki. Direbobin manyan motoci suka shiga saye, wai saboda hanya, amma ni na san yawancinsu don a gani ne. Kowa ya saya sai ya naɗe ta a tsumma ya kawo wa Wada ya duba.

Dubawar tasa abin kallo ce. Sai ya zazzage harsasan, ya rataye ta a yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kai kunne. In ƙarfen ya yi amo mai tsawo, ya ce wannan ta maza ce. In amon ya gajarta, ya ce ta biki ce, a ɗaura a ƙugu a je a ci shinkafa. In kuwa ta yi ƙwas kamar gwangwanin madara, sai ya miƙa wa mai ita da yatsu biyu ya ce mai yin marayu ce. Bai taɓa harba ko ɗaya ba. Wanda ya ce a gwada, sai Wada ya nuna masa tantabaru ya tambaye shi ko shi zai ɗauki alhakin firgita tsuntsun Harami.

Abin da direbobi ba su sani ba, kunnen ya daɗe da mutuwa. Dukan ƙarfe tun ƙuruciya ya cinye shi kaɗan-kaɗan. Daga ni sai Safara'u muka sani, shi kuwa gara a ce masa ɓarawo da a ce masa kurma, don a kunnen nan duk girmansa yake. Sai ya koyi dabara. Yakan riga kowa magana, ya yi ta zuba ba numfashi, in aka samu aka sako masa wata magana sai ya ce tayyib, wato madalla. Wani ya taɓa gaya masa akuyarsa ta faɗa rijiya, ya ce tayyib. Bindiga kuma, in ya ƙwanƙwasa, fuskar mai ita yake kallo ta wutsiyar ido. In mutum ya washe baki, ta yi amo ke nan. In ya yamutsa fuska, sai Wada ya yanke mata hukunci. Abin haushi, da wuya ya kuskure.

Ana nan sai ga Hashimu, ƙanin Safara'u, direban babbar mota da ke yin watanni bai leƙo gida ba. Hashimu irin mutanen nan ne da ko ɗaurin aurensu ake yi ba ka gane ko suna murna. Ya ajiye tasa bindigar, sabuwa fil, ya harɗe hannu. Wada ya ƙwanƙwasa, ni daga rumfata na ji ta yi amo garau. Ya saci kallon fuskar Hashimu, bai samu komai ba. Ya sake, ya sake, har gumi ya karyo masa. Ga direbobi sun cika bencina suna jira. Da ya rasa mafita sai ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce mai yin marayu ce, ko tashi ma ba za ta yi ba.

Hashimu ya riga ya cika gari da yabon bindigar nan, saboda haka abin ya ci masa rai. Ya ce a gwada. Wada ya ga hannunsa na kwaikwayon harbi, ya nuna tantabaru. Hashimu ya nuna motarsa, ya nuna gabas, ya ce Arfa dai ba cikin Harami take ba. Ni na matsa kusa na maimaita wa Wada a kunne, kamar ina ba shi shawara. Ya ce tayyib, kuma ranar ya san abin da ya amsa.

Muka tafi mu uku bayan la'asar. Ba lokacin aikin Hajji ba ne, filin Arfa wayam, sai turakun tanti da aka bari da awakin wani makiyayi can nesa. Wada ya ce baƙuwar bindiga ba a riƙe ta a hannu, wannan kam gaskiyarsa ce. Ya ɗaure ta tamau a jikin turke, ya sa wa kunamarta doguwar igiya, Hashimu ya kafa gwangwani a gabanta. Sannan babban masanin namu ya ja igiyarsa ya zagaya bayan mota, ya tsuguna, ya manna goshi a taya, ya runtse ido, ya fizga.

Ƙarar da ta yi sai da na ji ta a haƙorina. Dutse ya amsa, gwangwani ya yi sama, awaki suka watse, makiyayin ya bi su yana zagi. Can sai ga Wada ya fito yana karkaɗe hannu, fuska cike da nasara.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Ko tari ba ta yi ba."

Hashimu ya buɗe baki zai yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ya dubi Wada, ya dubi awakin da har yanzu suke gudu, sai ya rufe bakin a hankali. Mutumin da bai taɓa yarda an kayar da shi a musu ba ya tako gaban mijin yayarsa yadda zai ga leɓensa, ya ɗaga murya.

"Sahih, gaskiyarka, Yaya. Ba ta tashi ba. Khalas, shi ke nan, mu koma gida."

Wada ya yi ta gyaɗa kai, yana faɗin ai ya faɗa, yaran yanzu ba sa jin magana. Ya tsuguna zai kwance ta daga turke. Hannunsa ya taɓa bakinta, ya ji ɗumi. Ya tsaya. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya daɗe a haka, mu kuma muka rasa inda za mu sa idonmu. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na biyo su.

"Hancina dai bai mutu ba, Hashimu," ya ce. Ya goge ta da bakin riga, ya miƙa masa da hannu biyu. "Ta maza ce. Lafiyarta ƙalau."

A hanyar dawowa yana zaune tsakaninmu. Sai da muka wuce alamar iyakar Harami ya taɓa gwiwar Hashimu, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ko dai yana jin ƙasa-ƙasa yake yi.

"Gaya mini, yaya muryarta take?"

Hashimu ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, ya kashe mota. Ya kai bakinsa daidai kunnen tsohon, ya fara ba shi labari.