Sifirin da Na Rubuta da Hannuna

Edita, sallama gare ku da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya fara ina da shekara talatin da ɗaya, na karanta haɗa magunguna a jami'a, kuma ina ji da kaina cewa na waye. Shekara biyu ke nan da aurena. Maigidana injiniya ne, shi ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni Lanham, wani gari a ƙasar Turawa, muka kama gida kusa da shagon wasu 'yan Ghana inda nake sayen doya da manja. Ban samu lasisin aikina a nan ba tukuna, sai nake taimaka wa mai haɗa magani a wani kanti, ina yi wa mutane bayanin yadda za su sha ƙwayoyinsu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya ja mini. Na san sunan kowace gaɓa ta jikin mace da Turanci, har jarrabawa na ci a kansu. Abin da ban iya ba shi ne in buɗe baki in faɗi abin da ke faruwa a nawa jikin.

Abu ɗaya nake nema a duniya, haihuwa. Wata takwas da zuwana na yi ɓatan wata, na yi gwaji a banɗaki ni kaɗai, ya nuna ciki. Ban gaya wa kowa ba, har maigidan, don a gidanmu ciki ba a sanar da shi, shi yake sanar da kansa. Bayan mako uku jini ya ɓalle mini. Na sayi katin waya na kira mahaifiyata, na yi ta kewaye-kewaye har ta gane. Ta ce in sha ruwan zafi in kwanta, in kuma bar maganar a nan, wanda bai zauna ba ba rabona ba ne, Allah zai kawo mai zama. Ta ce ita ma ta yi irinsa sau biyu, ko babanmu bai sani ba. Washegari na je aiki na ce musu ciwon kai ne ya hana ni zuwa jiya.

Da shiru ya yi yawa, maigidana ya samo mana likitan mata a wajen Takoma Park. A ɗakin jira aka miƙo mini fom mai shafi huɗu. Na cike komai tsaf har na zo layin da ake tambaya sau nawa na taɓa ɗaukar ciki. Maigidana yana zaune kafaɗarsa na taɓa tawa, idonsa a kan takardar. Ba zan ce na yi niyyar ƙarya ba. A raina cewa na yi, abin da bai kai ko wata biyu ba, ba a yi masa wanka ba, ba a raɗa masa suna ba, me zan ƙirga? Mu da ko 'ya'yan da ke raye ba ma son a ƙirga mana su, in an tambayi uwa nawa ta haifa sai ta ce suna nan dai alhamdulillahi. Na rubuta sifiri, na wuce layi na gaba.

Likitan dattijon Bature ne mai fara'a, kuma har gobe ba zan ce ya taɓa yi mini kallon banza ba. Ya tambaye ni ko al'adata na zuwa daidai, na ce lafiya lau, alhali kwana tara nake yi ina zuba kamar an buɗe famfo. Ya tambaya ko ina jin ciwo, na ce ba sosai ba. Yaya za a yi in zauna gaban mijina da wani namiji ina kwatanta jini? Sai ya tambayi mu nawa ne a wajen mahaifiyata. Maigidana ya riga ni amsawa, yana dariya, ya ce su goma sha ɗaya ne. Likita ya ajiye biro ya yi dariya shi ma, ya ce ai matan wajenmu ba su cika bukatar taimakonsa ba a wannan fanni, in kwantar da hankalina, in rage damuwa, mu dawo baɗi. Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka yabo ne, har a mota muna maimaita maganar muna dariya.

Haka muka yi shekara biyar da shi. Kowace shekara in je, a auna jinina a ce ya yi ƙasa, ya rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini, ya tambayi lafiyar mutanen gida, ya ce lokaci ne. A cikin waɗannan shekarun na sake yin ɓari sau biyu, duka kafin wata na uku, duka a banɗakin gidana. Na ƙarshen ne kawai maigidana ya sani, don ya tarar da ni a kwance, shi ma ya ce mu yi haƙuri, bai sake ɗago maganar ba saboda yana ganin tausaya mini ke nan. Likita bai ji ko ɗaya ba. Bai sake tambaya ba, ni kuma ban ga fuskar da zan ce masa abin da na rubuta tun farko ba daidai ba ne. Kullum ina shiga da murmushi, ina fita da godiya. Har hula na kawo masa tsaraba daga gida, ya rataye ta a ofis yana nuna wa mutane.

Abin da ya fara ɗaure mini kai ya zo ne ta hannun wata Baturiya da muke aiki tare, sa'ata ce, tsakaninmu wata huɗu. Ta yi aure a makare, wata shida ba ta samu ciki ba ta bi ta tayar da hankalin kowa a kanti. Ni da bakina na ce ta je wajen likitana, mutumin kirki ne. Ta je. Ba a yi wata ɗaya ba aka yi mata hoton mahaifa, aka ɗebi jininta aka yi gwaje-gwaje, aka gwada mijinta, aka tura su asibitin ƙwararru kan haihuwa. Tana ba ni labari tana yi mini godiya, ni kuma ina jera kwalaben magani ina cewa madalla. Likita ɗaya, ofis ɗaya, shekarunmu ɗaya. Ita wata shida, ni shekara biyar. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce ta tafi da littafin da take rubuta kwanakinta, ta yi masa kuka, ta ce ba za ta tashi daga kujerar ba sai ya gaya mata mataki na gaba.

Na yi makonni ina juya abin. Wani lokaci in ce fatarta ce ta buɗe mata ƙofa. Wani lokaci in ce a'a, bakinta ne, ni da ban taɓa cewa komai na damuna ba me nake so mutum ya yi, ya yi duba? Sai kuma in tuna dariyar nan ta 'ya'ya goma sha ɗaya, in ji raina ya ɓaci, in kuma tuna hular da ke rataye a ofishinsa, in ji kunyar zarginsa. Kada ku yi mini dariya, amma sai da na ƙara shekara guda cur a wajensa bayan wannan, saboda kara. Gani nake idan na canza likita na ci amanar dattijon da bai taɓa ɓata mini ba. Na dai yi ƙarfin hali sau ɗaya na tambaye shi ko akwai wani gwaji da za a yi mini, ya ce in ina so za a duba nan gaba, amma shi bai ga abin tashin hankali ba. Na ce to, na gode.

Wadda ta fizgo ni daga wannan barci wata nas ce 'yar Filato, babbar mace, muna ce mata Anti. A wajen wani suna muka haɗu, ina kicin ina juya miyar taushe, don a irin wannan taro na fi son tukunya da zaman falo inda ake miƙa jariri hannu zuwa hannu ana cewa saura ke. Ta kalle ni ta kama hannuna ta duba tafina, ta ja fatar idona ƙasa ba tare da neman izini ba, ta tambaye ni da Hausa kwana nawa nake yi. Ban san me ya sa ba, watakila don da Hausa ta yi tambayar, watakila don ba namiji a wurin, sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata kwana taran, na gaya mata ɓarin nan uku. Ta karɓe ludayin daga hannuna ta ajiye, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta ce ni da nake ba mutane magani ban ji kunya ba. Ranar hutunta ta zo da motarta ta kai ni wajen wata likita, ta kuma ce wa maigidana ya yi zamansa a gida.

Likitar baƙar fata ce 'yar nan ƙasar. Ita ma ta ba ni fom, amma ba ta tsaya a kansa ba. Ta jawo kujera kusa da ni ta tambaya ko na taɓa ganin al'adata ta yi jinkiri sannan ta zo da yawa da ciwo, ko na taɓa yin gwaji ya nuna ciki ko da na kwana ɗaya ne. A ranar aka yi mini hoto. Ƙari ne a mahaifata, har guda huɗu, ɗaya yana zaune daidai inda ciki ke kamawa. Ta ce abu ne da ya yi yawa a cikin mata baƙaƙe, kuma ƙarancin jinin da aka yi ta gani a jikina shekara da shekaru ya isa ya sa a yi wannan hoton tuntuni, ko da ban ce uffan ba. Sai kuma ta ƙara da cewa da an san da ɓarin nan, da ba wanda zai ce in je in jira. Na fito ban san wacce zan riƙe a cikin maganganun biyu ba.

Aka yi mini tiyata aka cire ƙarin, na yi watanni ina warkewa. Kafin a ce na shirya na kusa arba'in, aka auna aka ce ƙwayayen haihuwata sun yi ƙaranci. Muka shiga dashen ciki, wanda ake haɗa ƙwan mace da na namiji a waje sannan a mayar cikin mahaifa. Na yi ta huda cikina da allura, ina kama hanyar asibiti da sassafe kafin cunkoson motoci. A ɗakin jiran nan sau da yawa ni kaɗai ce baƙa, ni kaɗai ce mai mayafi, har nakan tambayi kaina ina sauran suke, ko su ma suna can ana ce musu su dawo baɗi. An yi dashen sau biyu, bai kama ba. Likitar ta gaya mini gaskiya cewa mahaifar ta gyaru, ƙwan ne lokaci ya ci. Na yi kuka a gabanta, kukan da ban taɓa yi a gaban likita ba, a lokacin da ba shi da sauran amfani.

Daga baya na nemi fayil ɗina daga ofishin dattijon, na zauna a mota na karanta. Kowace shekara kusan abu ɗaya ya rubuta: ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, daga babban gida ta fito, hankalinta a kwance, ba ta da ƙorafi, an ba ta shawarar jira. A shafin farko ga sifirina nan da rubutun hannuna. Maigidana ya ce ƙaddara ce, in daina tone-tone. Anti ta ce da ni fara ce, da ko bebiya ce ni sai an yi mini hoto. Mahaifiyata, da na gaya mata komai a waya, ta ce ita abin da aka koya mata ta koya mini. Ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba, kuma har yau ban iya raba laifin ba. Wata rana in tashi ina jin haushin likitan, wata rana haushin kaina, wata rana in rasa wanda zan ji haushi sai in yi alwala.

Abin da na sani kaɗan ne, amma shi ya sa na rubuto. 'Yan'uwana mata, musamman ku da kuke zaune a irin waɗannan ƙasashe, kawaicin da ake yabon mu da shi a gida, a ɗakin likita rubuta shi ake yi a matsayin lafiya lau. Kuma akwai likitan da tun kafin ki zauna ya riga ya yanke cewa irinki ba sa rasa haihuwa, yana yi miki murmushi yana cinye miki shekaru, shi kansa bai san yana yi ba. Idan shirunki ya haɗu da zatonsa, ke za ki biya. Ki faɗi kwanakin da kike yi, ki faɗi ciwon, ki faɗi ɓarin ko na mako ɗaya ne. In idon maigida ne ke ɗaure miki harshe, ki roƙe shi ya jira a waje, in kuma an ce ki dawo baɗi, ki tambayi dalili, ki nemi wani likitan, ba a yin kara da mahaifa. Ni yanzu na haura arba'in da biyar, muna nan da maigidana mu biyu, muna gode wa Allah. Duk fom ɗin da aka miƙo mini, idan na zo wannan layin, nakan tsaya in rubuta uku. Su ke nan abin da Allah ya ba ni, kuma sai da suka wuce da shekaru kafin uwarsu ta yarda ta ƙirga su.