Yadda Malama Nguveren Ta Koyi Kaɗa Mandolin

Malama Nguveren ta haura shekara hamsin kafin ta taɓa tsirkiya da niyyar kiɗa. 'Yar Binuwai ce, aure ya kawo ta Gashuwa da ƙuruciyarta, ta samu aikin koyarwa a wata firamare, ta zauna. Mijinta Hilary malamin gona ne, shi ne kuma mai kaɗa mandolin a cocinsu, wata 'yar ƙaramar aba mai kama da molo, tsirkiyoyinta takwas, an jera su bibbiyu. Da ciwon ƙoda ya ɗauke shi, dangi suka ce ta tattara ta koma gida. Ta ce musu a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta san masu kifi da masu gero, ba ta ga inda za ta je ba.

Mandolin ɗin ta daɗe rataye a ƙusa. Wata rana maƙwabciyarta Suwaibatu, wadda iyayenta suka zo daga Haɗeja, ta shigo aron turmi, idonta ya faɗa a kanta. Ta ce ita dai unguwar ta yi mata shiru, da can tana tuƙa tuwo tana jin kiɗan ta bayan katanga. Da ta fita, Nguveren ta sauko da mandolin ɗin ta gwada. Ƙarar da ta fito kamar ana kankare tukunya.

A coci aka ba ta labarin Baba Chuwang, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin Filato da ke zaune a Nguru. A wurinsa Hilary ya koya. Ranar wata Asabar ta naɗe mandolin a zane, ta shiga mota ta bi ta Jajimaji. Ta same shi ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidansa, hannunsa na hagu ajiye a cinya. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ya daina kiɗa. Ya ce ba shi da abin da zai nuna mata, amma tunda ta yi doguwar tafiya, ta kaɗa ya ji.

Ba ta yi nisa ba ya tsayar da ita. 'Yar robar da ake kaɗawa da ita ta damƙe da yatsu uku, kamar yadda ta saba damƙe alli, hannun gaba ɗaya yana hawa yana sauka tun daga kafaɗa.

"Malama, wannan ba allo ba ne," in ji shi. "Lanƙwasa yatsunki kamar kin riƙo ƙwai. Ki ɗora robar a gefen manuniya, babban yatsa ya kwanta a kai. Bakinta kaɗan za ki bari a waje."

Ya nuna mata cewa wuyan hannu ne ke aikin, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu, gwiwar hannu kuwa ta zauna lafiya. Ya hana ta danne ɗan katakon da tsirkiyoyin suka hau, ya ce hakan yana shaƙe muryar. Robar ta riƙa suɓuce mata tana faɗawa cikin yashi. Duk faɗuwa sai ya ce ya fi masa daɗi da damƙar da ta zo da ita.

Sai da ta yi zuwa da dama kafin ya yarda ta taɓa wuyan mandolin ɗin, inda aka gitta siraran ƙarafa suka raba shi gaɓa-gaɓa. Kamu uku ya koya mata, wato yadda ake danne tsirkiyoyi, ana kiransu Ji, Si da Di, kowanne da yatsa biyu. A kamun Ji, manuniya na gaɓa ta biyu, ɗan tsakiya na gaɓa ta uku, a kan siraran tsirkiyoyin ƙasa. In ta ɗaga yatsun a yadda suke ta matsa sama layi ɗaya, ya zama Si. Di ne ya wahalar da ita, don yatsa ɗaya na can sama, ɗaya na can ƙasa. Bakin yatsunta ya yi ƙuna, ya yi ɓawo, daga baya ya yi kanta.

Matsalar ita ce da zarar hankalinta ya koma hannun hagu, sai na dama ya sake sandarewa. Wata Asabar ta gaji, ta ajiye, ta ce wataƙila ta tsufa da wannan abu. Baba Chuwang bai musa ba. Ya ce ta jawo benci kusa, ta riƙe wuyan kawai, ta miƙo masa robar. Ita tana canza kamu, shi yana kaɗawa da hannunsa mai lafiya, suka fitar da wata tsohuwar waƙar coci daga farko har ƙarshe. Matarsa ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Tun da ciwon ya same shi ba ta ƙara jin kiɗansa ba. Da suka gama, ya ce a maimaita, ta yi jinkirin shiga Di.

Daga ranar kusan rabin kowane darasi haka suke yi, kuma a nan ne hannunta na dama ya saki, don ta riƙa kallon nasa kusa-kusa. Bayan damina 'yarsa ta zo ta tafi da su Jos, inda asibiti ya fi kusa.

Nguveren ba ta zama gwana ba, ba ta kuma ƙara kamu na huɗu ba. Da ukun nan take raka mawaƙan coci ranar Lahadi, in waƙa ta fi ƙarfinta sai ta ajiye ta yi tafi tare da kowa. Bara ta yi ritaya. Yanzu wasu mata biyu daga cikin mawaƙan suna zuwa gidanta ranar Alhamis da yamma, suna karɓa-karɓa da mandolin ɗaya, ta kuma aika Kano a nemo mata sababbin tsirkiyoyi, don biyu sun tsinke.